Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Gudu da Girman Ma'ajiyar Kwamfuta

Wanda ya je sayen laftof ta hannu, ko ya kai tasa a ƙara mata ƙarfi, sau da yawa zaɓi biyu ake shimfiɗa masa a kuɗin da ba su da nisa da juna: HDD (ma'ajiya mai faifai da ke juyawa) mai TB 1, ko SSD (ma'ajiyar da ba ta da abin da ke motsi a ciki) mai GB 256. Ido kan tafi ga mai yawan, tunda ya ninka ɗayan sau huɗu. Amma wanda ya ɗora Windows a kan HDD ɗin, shi ne zai riƙa zama kowace safiya yana jiran kwamfuta ta farka, alhali ko rabin filin da ya biya bai cika ba. Abin da kake buɗewa kullum, wato Windows da manhajoji da aikin da ke hannunka, gudu yake so. Abin da ke kwance sai jefi-jefi ake taɓa shi, fili yake so. Kafin ka fitar da kuɗi, ka san nawa ne kowanne a wurinka, ka kuma san abin da kwamfutarka za ta iya ɗauka.

Fara da auna abin da ke hannunka

Shiga Settings, sai System, sai Storage. Za ka ga yawan filin da ka cinye da abin da ya cinye shi. In kana son ka ga komai dalla-dalla, sauke WizTree ko WinDirStat, za su jera maka foldodi daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. Ɗauki takarda ka raba abin da ka gani gida biyu. Gida na farko: Windows, manhajoji, da fayilolin da ka taɓa cikin wata ɗaya ko biyu da suka wuce. Gida na biyu: finafinai, karatuttukan malamai, hotunan biki, tsofaffin ayyukan da aka riga aka miƙa wa masu su. Ga mai aikin ofis ko ɗalibi, gida na farko da wuya ya wuce GB 100 zuwa 150. Windows kaɗai, da sabuntawarta da fayilolin da take ajiyewa a ɓoye, takan ci GB 30 zuwa 40.

Daga nan ka tabbatar cewa ma'ajiyar ce ke jan ƙafa, ba wani abu ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Yi aikinka yadda ka saba na ɗan lokaci kana leƙawa. Idan Disk ya tsaya cak a kashi 100 alhali abin da yake karantawa bai wuce MB 1 ko 2 a sakan ba, CPU kuma, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, na zaune ba ya komai, to ma'ajiyar ce. Idan Memory ne ya kai kashi 90 ko sama, RAM ɗinka, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da ke buɗe na ɗan lokaci, shi ne ya yi kaɗan, Windows na ta kwashe kaya daga RAM tana jibgewa a ma'ajiya. Mai RAM GB 4 ya sa kuɗin ƙara shi zuwa GB 8 cikin lissafinsa, ko da hakan zai sa ya sayi SSD ƙarami.

Wane gudu ake magana a kai

A nan mutane da yawa ke ɓata kuɗi, domin gudu iri biyu ne, kuma wanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba shi ne wanda kake ji a hannu ba.

Na farko shi ne gudun karanta babban fayil guda a jere, kamar kwafe fim. HDD na laftof kan yi MB 80 zuwa 130 a sakan, na kwamfutar tebur yakan kai 200 ko ya ɗan haura. SSD mai haɗin SATA, wato irin haɗin da HDD ke amfani da shi, yana tsayawa wajen MB 550, domin iyakar hanyar SATA III kenan. NVMe, wato SSD mai bi ta hanyar PCIe da ta fi SATA gudu, a kan PCIe 3.0 yakan kai kusan 3,500, a kan PCIe 4.0 kusan 7,000.

Na biyu shi ne gudun tsinto ƙananan fayiloli da ke warwatse. Tashin Windows, buɗe Chrome, buɗe Word, duk wannan ne: dubban 'yan fayiloli masu KB kaɗan, kowanne a wurinsa daban. A cikin HDD akwai faifai da ke juyawa da ɗan hannu mai allura da ke zirga-zirga a kansa. Kafin a karanta kowane ɗan fayil, sai hannun ya tafi layin da yake, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin ƙarƙashinsa. Kamar yaron kanti ne guda ɗaya: in ka ce ya ɗauko buhu ɗaya, nan da nan ya kawo, in ka ce ya haɗo kaya ɗari daga kusurwa ɗari, sai ka nemi wurin zama. Faifai mai juyi 5,400 a minti yana zagaye 90 a sakan, matsakaicin jiran juyowa milisakan 5.6 ne. Mai 7,200 yana zagaye 120, jiransa milisakan 4.2. Ƙara tafiyar hannun a kai, sai ka ga HDD ba ya wuce tsintowa ɗari ko ƙasa da haka a sakan. Shi ya sa canza mai 5,400 da mai 7,200 ba ya warkar da kwamfuta mai nauyi. An ɗan rage jiran ne kawai, an ƙara zafi da ƙara da shan batir.

SSD ba shi da abin da ke motsi, tsintowarsa ba ta kai milisakan ɗaya ba. In kana so ka gani da idonka, gwada manhajar CrystalDiskMark ka dubi layin ƙasa, RND4K Q1T1, mai auna gudun tsinto ƙananan fayiloli. HDD da ƙyar yake kaiwa MB 1 a sakan. SSD na SATA yakan ba da 30 zuwa 45. NVMe yakan ba da 50 zuwa 90. Dubi tazarar da kyau: daga HDD zuwa SSD na SATA an ninka sau gommai, daga SATA zuwa NVMe kuwa bai cika wuce ninki biyu ba. Saboda haka in kuɗinka zai sayi SATA mai GB 512 ko NVMe mai tsada mai GB 256, kuma aikinka rubutu ne da intanet da lissafi, ɗauki mai GB 512. NVMe mai gudun gaske yana biyan kuɗinsa ne ga mai tace bidiyo mai nauyi ko mai kwashe manyan fayiloli kullum.

Duba gurbin da kwamfutarka ke da shi

Kada ka sayi komai sai ka san wannan. Juya laftof ɗin ka karanta lambar samfurinta, ka nemi littafin gyaranta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. HP da Dell da Lenovo duk suna saka irin wannan littafi kyauta. Ko kuma ka kashe ta, ka cire caja, ka kwance murfin baya ka duba.

Abubuwan da za ka iya tararwa ba su da yawa. Akwai gurbin inci 2.5 mai haɗin SATA, wanda ke ɗaukar HDD ko SSD mai siffa ɗaya. Lura da kauri: akwai mai milimita 7 da mai 9.5, kuma siraran laftof mai 7 kaɗai suke ɗauka. HDD na inci 2.5 mai TB 4 ko 5 kaurinsa milimita 15 ne, ba ya shiga yawancin laftof. Akwai gurbin M.2, ɗan siririn allo mai ƙusa ɗaya a ƙarshensa. Lambar 2280 na nufin faɗi milimita 22, tsawo 80. Akwai gajeru, 2242 da 2230. A nan ake yawan yin asara, domin M.2 siffa ce kawai, abin da ke bi ta cikinta zai iya zama SATA ko NVMe. Wani gurbin ɗaya kaɗai yake ganewa. Sai ka sa SSD ya zauna daram, ka ɗaure ƙusa, ka kunna, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Yawanci mai tsaga biyu a bakinsa SATA ne, mai tsaga ɗaya NVMe, amma littafin kwamfutar ne zai faɗa maka abin da gurbin ke karɓa.

Idan laftof ɗin na da M.2 da kuma gurbin inci 2.5, ka huta, ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Tsofaffi masu wurin DVD ma ana cire na'urar DVD ɗin a sa ƙaramin akwatin da ke riƙe faifai na biyu. Auna kaurin wurin tukuna, ko milimita 9.5 ne ko 12.7. A irin wannan, SSD ya shiga asalin gurbin faifai, HDD ya koma wurin DVD, domin a wasu kwamfutoci hanyar DVD ta fi jinkiri.

Akwai kuma waɗanda aka manne musu ma'ajiya a jikin bod: ƙananan laftof masu arha da eMMC na GB 32 ko 64, da MacBook daga M1 zuwa sama. Waɗannan abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna, don haka a ranar saye ake yanke shawarar girma.

Lissafin filin da kake buƙata

Abin da aka rubuta a kwali ba shi Windows za ta nuna maka ba, kuma ba cuta ba ce. Kamfanoni na ƙirga GB ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, Windows kuma na ƙirgawa da 1,024. Don haka GB 128 zai fito 119, 256 zai fito 238, 512 zai fito 476, TB 1 zai fito GB 931.

SSD kuma ba a cika shi maƙil. Ba ya iya rubutu a kan wurin da ke da bayani sai ya share babban yanki gaba ɗaya, don haka yana buƙatar fili na jujjuya kaya. Bar masa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Mai GB 256 kenan abin da za ka mora bai wuce GB 200 ba, in ka cire Windows da manhajoji saura kamar 140. Mai GB 128 ba abin saye ba ne yau sai in babu yadda za a yi, domin babbar sabuntawar Windows guda ɗaya, da foldar Windows.old ta tsohuwar Windows da take bari, ta isa ta toshe shi.

Ɗauki adadin gida na farko da ka rubuta, ninka shi biyu saboda shekaru biyu ko uku masu zuwa, ka sayi girman da ke sama da shi. Wanda ya samu GB 110, ninki biyu 220, to GB 256 zai matse shi, ya nemi 512.

Masu bidiyo lissafinsu daban ne, kuma da bitret ake yinsa, wato yawan bayanin da bidiyo ke ci a sakan, wanda ake rubutawa da Mbps. Raba lambar Mbps da 8 ka samu MB a sakan, ka ninka da 3,600 ka samu na awa ɗaya. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a Mbps 100 tana cin MB 12.5 a sakan, wato GB 45 a awa. Bikin da aka ɗauki awa shida da kyamara biyu ya haura GB 500 kafin a fara tacewa. Irin wannan mutum SSD mai TB 1 zai riƙe masa aikin da ke hannu, wanda aka gama kuma ya koma HDD mai TB 4 ko fiye.

Kyamarorin tsaro kuwa su ne inda gudu ba shi da wani amfani. Kyamara ɗaya a Mbps 4 tana rubuta rabin MB a sakan, wato kusan GB 43 a yini da kwana. Guda huɗu GB 173, faifan TB 2 zai riƙe kwana goma zuwa sha ɗaya kafin ya fara share na baya. Duka-duka MB 2 a sakan ne, kowane HDD zai iya. Abin nema shi ne girma da jure aiki dare da rana, shi ya sa ake da WD Purple da Seagate SkyHawk.

Wajen kwatanta farashi, raba kuɗin da yawan GB. Sau da yawa za ka ga mai 512 bai kai ninki biyu na kuɗin mai 256 ba.

Abubuwan da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe

A HDD, bincika tsarin rubutunsa, ko SMR ne ko CMR. A CMR layukan rubutu ba sa hawa juna. A SMR ana ɗora layukan rubutu suna hawa gefen juna don a samu fili da yawa, sai ya zama gyara layi ɗaya na tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Kana kwafe GB 200, farko ya tafi lafiya, can sai gudu ya faɗi zuwa MB 10 ko 20, wani lokaci ya tsaya kamar ya mutu. Yawancin siraran HDD na inci 2.5 masu TB 1 da 2 SMR ne. Ga ajiyar da ake zubawa a bari babu laifi, amma kada ka ɗora Windows a kai, kada kuma ka sa shi a na'urar da ke rubutu ba tsayawa. Sa lambar samfurin a shafin kamfanin za ka gani.

A SSD, bambancin TLC da QLC ne. QLC na cusa bit huɗu a kowane ƙwayar ajiya maimakon ukun TLC, ya fi arha, amma da zarar ɗan wurin da yake karɓar rubutu da sauri ya cika, gudunsa kan sauko kusa da na HDD. A aikin yau da kullum ba za ka lura ba. Mai kwashe katin kyamara kullum zai lura, shi TLC ya dace da shi.

Tsoron cewa SSD na saurin ƙarewa bai kamata ya hana ka saye ba. Samsung 870 EVO mai GB 500 an ba shi garantin rubutun TB 300. Mai rubuta GB 30 kowace rana sai ya yi kwana dubu goma kafin ya kai nan, sama da shekara 27.

Abin tsoro na gaske shi ne jabu. SSD na waje da aka rubuta wa TB 8 ko 16 a farashin filash, a ciki ƙaramin kati ne da aka yi wa dabara yana faɗa wa kwamfuta girman ƙarya. Zai karɓi fayiloli, sunayensu su fito, amma da ya wuce ainihin girmansa sai sabo ya hau kan tsoho, ranar da ka buɗe ka tarar duk sun lalace. Kafin ka zuba komai, gwada shi da H2testw, ka bari ya cika faifan gaba ɗaya ya karanto. Yana ɗaukar awanni, kada ka katse shi.

Na hannu kuma, buɗe CrystalDiskInfo a gaban mai sayarwa. Dubi Power On Hours ka san awannin da ya yi aiki. A HDD dubi layuka uku da ke ƙirga wuraren da suka samu matsala a faifan: 05, C5 da C6. In adadin da ke ƙarƙashin Raw Values na ko ɗaya cikinsu ya wuce sifili, ko manhajar ta nuna Caution da rawaya, ajiye shi komai arharsa, faifan ya fara ruɓewa. A SSD dubi kason lafiyar da ya rage da jimillar abin da aka taɓa rubutawa.

Haɗawa da raba aiki

Kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri tukuna. In BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, na kunne, nemo makullin dawo da shi mai lamba 48 ka rubuta a takarda, domin canjin kayan ciki kan sa ya tambaya. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, cire caja, cire batir ko ka zare wayarsa daga bod, taɓa ƙarfe don sauke cajin jikinka. M.2 ana shigar da shi a ɗan karkace, a danna shi ƙasa a hankali, a ɗaure ƙusa ba da ƙarfi ba.

Hanya biyu ce ta kai Windows kan sabon SSD. Ko ka kwafe tsohon faifan sukutum da manhaja irin wadda kamfanin SSD ɗin ya bayar, da sharaɗin abin da ke tsohon bai kai girman sabon ba, don haka sai ka fara kwashe finafinai da hotuna. Ko ka ɗora sabuwa daga filash mai GB 8 da aka haɗa da Media Creation Tool. Ta biyun ta fi tsabta, musamman in tsohuwar ta daɗe tana tara tarkace. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: lokacin ɗorawa, cire HDD ɗin, SSD kaɗai ya kasance a ciki. In ba haka ba Windows kan ajiye ɓangaren tayar da kwamfuta a kan HDD, ranar da HDD ɗin ya mutu ko aka cire shi, kwamfutar ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarsa ƙalau. In BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, na da zaɓin IDE da AHCI, sa shi a AHCI kafin ɗorawa.

Bayan Windows ta zauna, mayar da HDD. In sabo ne ba zai fito ba sai ka shiga Disk Management ka shirya shi. Za a ba ka tsarin faifai biyu, GPT da MBR. Zaɓi GPT, domin MBR ba ya ganin abin da ya wuce TB 2, sannan New Simple Volume, tsarin NTFS. Sai ka danna dama a kan foldar Videos, ka shiga Properties, Location, Move, ka nuna mata HDD. Yi haka ga Pictures da Music da Downloads. Documents da Desktop su zauna a SSD. Kada ka yi wa SSD difrag, wato sake jera gutsattsarin fayiloli wuri ɗaya, da wata manhaja ta waje, Windows ta san bambancinsu, tana yi wa kowanne abin da ya dace.

Wanda laftof ɗinsa gurbi ɗaya ce, SSD ya shiga ciki, tsohon HDD ya shiga akwatin USB ya zama na waje. Tabbatar akwatin da ramin da kake sokawa duk USB 3.0 ne, yawanci mai shuɗin harshe ko alamar SS. USB 2.0 ba ya wuce MB 35 zuwa 40 a sakan, kwafe GB 100 ta nan kusan minti 48 ne, ta USB 3.0 da HDD mai MB 120 kuwa minti 14. Faifan da zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac a sa masa exFAT. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4.

Wuta, zafi da faɗuwa

Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ma na cikin zaɓi. HDD na waje mai inci 3.5 yana buƙatar adafta ta bolt 12 daga soket, in wuta ta tafi yana tsakiyar rubutu, fayil ko tsarin faifan gaba ɗaya na iya lalacewa. Mai inci 2.5 daga USB yake sha, batirin laftof na kare shi. Kwamfutar tebur da faifan inci 3.5 a haɗa su da UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta in ta ɗauke, ko da wanda zai riƙe minti biyar ne a samu a kashe lafiya, musamman lokacin sauyawa zuwa janareta.

Laftof ɗin da ke yawo a jaka a bayan babur SSD ya kamace ta, domin girgiza ko faɗuwa alhali faifai na juyawa kan sa allura ta karci fuskarsa. In ka fara jin HDD na ƙas-ƙas yana maimaitawa, daina komai ka kwashe abin da ya fi muhimmanci nan take. NVMe kuma yana rage gudunsa da kansa in ya haura digiri 70 zuwa 80, abin da kan faru a watannin zafi in ƙura ta toshe fanka, don haka a riƙa buɗewa ana hurewa.

Ga ajiyar da za a sa a durowa a manta, HDD ya fi. SSD na riƙe bayani ne da cajin lantarki da ke tsiyayewa a hankali, zafi kuma na ƙara saurin tsiyayar. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan lantarki, ta nemi SSD na gida da ya cinye adadin rubutunsa ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a digiri 30, ɗakuna da yawa kuwa sun fi haka zafi. SSD in zai mutu sau da yawa ba ya gargaɗi, fayil ɗin da aka goge a kansa ma da wuya a dawo da shi saboda TRIM, umarnin da ke sanar da SSD abin da aka goge, na share wurin ba da jimawa ba. Don haka duk girman da ka zaɓa, ware kuɗin faifai na biyu da zai riƙe kwafin abin da ba za ka iya sake samu ba, ka riƙa sabunta shi kowane mako, ka zare shi daga kwamfutar in ka gama.